Tsarabar Zuma da Ƙafar Mahaifina

A shekarun da abin nan ya faru ni direba ne, ina jigilar fasinja daga tashar Jibiya zuwa Maraɗi in dawo. Mutum ne ni mai saurin hawa, in na yanke magana ba na son a ja da ni, kuma ina ji da kaina cewa duk cikin 'ya'yan mahaifinmu babu mai kula da shi kamata. Ban taɓa shiga gida hannu rabbana ba. Ko 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, sun tsare mu a iyaka har rana ta faɗi, sai na zo wa tsoho da tsaraba. Na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cina a rai, kuma na san akwai irina da yawa.

Mahaifina manomi ne a Daddara, da ƙarfi ya ƙare na ɗauko shi ya dawo wurina. Ya daɗe da ciwon suga, daga baya kuma ƙafarsa ta hagu ta fara ba shi wahala. Tsakanin gida da masallaci ba wani nisa, amma sai ya tsaya ya dafa bango yana riƙe da sharaɓa, in ciwon ya lafa ya ci gaba. Ni da ƙanwata muka kai shi asibiti Katsina. Likita ya ce hanyoyin jinin ƙafar sun tsuke, jini ba ya isa yatsu yadda ya kamata. Ya ce a riƙa gwada sugansa, kada ya hau kuma kada ya faɗi, ya ja mana kunne kada a bar ko reza ta taɓa ƙafar nan, don in ta yi rauni da wuya ta warke. Na ce masa to, na ji.

Wata safiya tsoho ya sha ƙwayoyinsa bai karya ba. Kafin hantsi sai ga shi yana karkarwa, zufa ta jiƙa masa riga, maganarsa ba ta fita. Wallahi na ɗauka tafiya ce ta zo. Ƙanwata ta ɗura masa ruwan zuma, a hankali ya dawo hayyacinsa. Abin da ta yi daidai ne a wannan lokacin, ni ne na ɗauki abin na kai shi inda ba nan ba. Na ce maganin nan ya fi ƙarfin tsoho, kashe mana shi zai yi. Maimakon in koma in gaya wa likita, sai na raba ƙwayar biyu da kaina, wata rana ma in hana shi. Na shiga zuwa masa da zuma da dabino daga Maraɗi duk tafiya, ina cewa ai waɗannan ba sukari ba ne, abincin albarka ne. Shayinsa zuma, kununsa zuma, dabino kuma ba ya yankewa a aljihunsa. Da ƙanwata ta ce a ci gaba da gwaji, na daka mata tsawa, na ce ta daina huda mana uba kullum kamar ba ta da tausayi. Ta yi kuka ta bar gwajin, don ni ne babba.

Tsoho bai sake faɗuwa ba, ni kuwa sai baki har kunne, ina gani na yi dabara. Yawan fitsarin da yake yi da ƙishirwar da ba ta ƙarewa duk na ɗora wa zafin gari. Ƙafar ta ƙara sanyi, yatsun suka fara duhu, ya daina isa masallaci. Abokan tasha suka ce mataccen jini ne ya kwanta, ƙaho kawai za a yi a zuƙe shi. Na tuna maganar likita sarai, amma na ce shi bai san aikin wanzamanmu ba. Ni na ɗauko wanzamin a motata. Shi kansa da ya taɓa ƙafar ya ji ta da sanyi kamar randa, ya tambaya ko an tabbata, na ce ya yi aikinsa. Ya tsaga a bayan ƙafa ya kafa ƙaho, jinin da ya fito bai taka kara ya karya ba.

Tsagar nan ba ta haɗe ba. Ta yi ruwa, ta yi baƙi, ɗakin ya fara wari. Da muka koma Katsina aka gwada sugan, ma'aikaciyar jinya ta dube ni ta tambayi abin da muke ba shi. Likita bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce suga ya daɗe a sama, jini kuma ba ya zuwa, ba abin da zai warkar da ciwon, in ba a yanke daga ƙasan gwiwa ba rai za a rasa. Ni na sa hannu. Da tsoho ya farfaɗo ya gan ni ina hawaye, ya ce in bar kuka, haka Allah ya rubuta, kuma shi bai taɓa ganin ɗa mai tsaraba irina ba. Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, har gobe.

Na yarda da ƙaddara, amma na san inda hannuna ya shiga. Ƙaunar da nake wa mahaifina gaskiya ce, sai dai na haɗa ta da taurin kai. Don Allah, duk mai tsoho da ciwon suga, in sugansa ya faɗi a ba shi zaƙi ya farfaɗo, sannan a koma wurin likita ya gyara maganin, kada a gyara a gida. Zuma da dabino suna hawar da suga kamar sukari. Kada a bar gwaji don ana ganin mutum garau. Ƙafar da ta yi sanyi ko duhu kuma a nisanta ta da aska da ƙaho, a duba ta kullum. In ƙaramin gida ya faɗi gaskiya a saurare shi, na nemi gafarar ƙanwata amma hakan bai dawo da komai ba.

Yanzu duk Juma'a ni nake tura mahaifina a keken guragu zuwa masallaci. In mun isa ƙofa sai in durƙusa in cire masa takalminsa ƙwaya ɗaya, in ajiye shi a cikin na mutane.