Oga Thaddeus da Dokar Komawa Baya

Da an idar da sallar asuba, Oga Thaddeus zai jingine tsohon kekensa a gindin mangwaron bayan kasuwar Kuje, ya jira 'yan gudunsa. Ba agogo, ba usur. Dokarsa: a yi gudu ana hira, wanda numfashi ya hana shi magana ya rage sauri. Wanda kuma ya fara isa, ya juya ya taho da na ƙarshe.

Yamusa mai shayi yakan tsokane shi: "Oga, wannan tsere ne ko rakiyar amarya?"

"Dafa shayinka. Kai ko akuya mai ciki ba ka kamowa."

Da rakiyar amaryar nan ya raini Rekiya, 'yar mai sayar da doya, wadda kullum ita ake komawa ɗaukowa. Ana nan har ta lashe babban tsere a cikin gari. 'Yan jarida suka tambayi wanda ya horar da ita. Ta hango shi a taron, da silifa da keke mai tsatsa, sai ta ce, "Ni na koya wa kaina."

Ya ji. Mu 'yan Kuje ma mun ji, muka tafa.

Tun ranar Rekiya ta daina bin hanyar kasuwa. Ko ƙarar keke ta ji, sai ta kauce ta ɓuya.

A bana gwiwa ta ce wa Oga Thaddeus gudu ya isa haka. Ranar gudun sallama Rekiya ta zo, kai a sunkuye, ba ta san ko zai dube ta ba. Ita ta fara isa gindin mangwaro. Can baya ga dattijon yana ɗingishi shi kaɗai. Ta juya.

"Baba..." Maganar ta maƙale.

"Numfashi ya hana ki magana," in ji shi. "Rage sauri, 'yata."

Suka iso tare. Gaban kowa ta ce, "Shi ya koya mini."

Oga Thaddeus, kai ne inuwar da muka sha muka manta da gode wa bishiyar. Mun makara, amma mun gode. Allah ya huta gajiya.

Mu kuwa, duk wanda ya riga isa, ya waiwaya. Akwai wanda yake binsa bashin komawa.