Kazar Malama 'Yar Filifin

"Mayar mata da abinta, mutanen nan har kare suke ci," in ji Yaya Sani, yana ture kwanon da ƙafa.

Lokacin ban daɗe da gama firamare ba. Malamarmu 'yar Filifin, maƙwabciyarmu a Unguwar Sarki, ta kira ni cin shinkafa da kaza. A al'adarsu baƙo ba ya tafiya hannu rabbana, sai ta zubo wa 'yan gidanmu.

Na ce a hankali, "Yaya, sabuwar tukunya ta saya saboda ni, kuma limaminmu ne ya yanka kazar."

"To ke ki ci."

Washegari Malama ta tare ni da murmushi, wai 'yan gidanmu sun ji daɗin abincin? Na kasa ɗaga kai. Har yau haushin Yaya nake ji.

Da ku ne, me za ku ce mata?