Gonar Da Ke Ƙarshen Magudana

Da sassafe, raɓa ba ta gama bushewa a ganyen albasa ba, iska na kaɗawa a hankali, a lokacin ne muka saba hango shi tafe a gaɓar magudana, fartanya a kafaɗa, wando a naɗe zuwa gwiwa. Na-Ƙurya ke nan, mai raba mana ruwan noman rani. Shi ke buɗe ƙofar ruwa, ya bi shi a ƙafa kamar mai kora tumaki, ya cire ciyawa nan, ya toshe ramin ɓera can, har kowane kwamin shuka ya sha. Sai na kowa ya jiƙe yake isa tasa gonar.

Ba haka kawai ya samu sunan ba. Da aka zo rabon filaye, kowa na rububin na kusa da bakin ruwa, shi kuwa ya nuna na can ƙarshe, inda ruwa ke isa a gajiye, in ma ya isa.

Maiɗakinsa ta ce, "Malam, mutane na neman gaba, kai kana neman baya?"

Ya ce, "In ruwa ya iso ni, na san ya bi ta kan kowa."

"In bai iso ba fa?"

"Sai in riga kowa sanin akwai matsala."

Har yau tana ba da labarin tana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don ita ta san shekarun da tumatir ɗinsu ya yi yaushi a tsaye.

Akwai shekarar da ruwa ya ja baya. Mai-Albasa, wanda gonarsa ke kusa da bakin ruwa, ya datse magudana ba ranarsa ta shan ruwa ba. Jama'a suka taso da zafi. Na-Ƙurya ya ce su koma, ya je shi kaɗai ya tsuguna a kan kunyar gonar.

"Ɗan'uwa, albasar ta sha?"

"Ta sha. Ruwan ai ba na uban kowa ba ne."

"Gaskiyarka. To, in ta ƙoshi, a sam ma tumatir ɗina ragowar."

Mai-Albasa ya buɗe yana gunaguni, kuma tun daga ranar gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu.

Bana manoma suka taru suka ce sai ya tsaya takarar majalisar dokoki ta ƙasa. Ya yi ta zillewa, har dai ya ga ba mafita. Abin da yake faɗa a taro ba shi da yawa: a gyara magudana da siminti don ruwa ya daina tsiyayewa a hanya, a yi titi don tumatir ya daina ruɓewa a kwando ana jiran mota, taki ya riƙa zuwa kafin shuka, ba bayan girbi ba. Yakan rufe da cewa, "Ƙasar nan ma magudana ce, mu ne a ƙurya. Zan je in ga inda aka datse."

Mai-Albasa ya taɓe baki ya ce, "Wanda ya zaɓi gonar ƙarshe, a majalisar ma kujerar baya zai nema."

Yanzu yawon neman zaɓe ya ɗauke mana shi. Hotonsa na manne a bangon shagon mai taki, cikin farar riga, ba laka ko ɗigo, har sai ka sake duba kafin ka gane shi. Ruwa na tafiya yadda ya ga dama, gonarsa ta fara tsagewa, ga tumatir ya fara fure.

Baba Na-Ƙurya, kai ne ka koya mana cewa mai rabo shi ke ci a ƙarshe. Kai ne ba ka taɓa tambayar kwamin wa kake shayarwa ba. Muna so ka ci, muna kuma tsoron ka ci, don safiya ba ta yi mana daɗi ba tun da muka daina jin tarinka a gaɓar ruwa. Mun gode, Allah ya saka. Duk wanda aka damƙa wa rabon wani abu, ko da na inuwa ne, ya dubi inda mutumin nan ya ajiye gonarsa.

Jiya da safe maiɗakinsa ta fito da bokiti, ko za ta ceci abin da ya samu. Ta tarar da kowane kwami cike, ruwa na sheƙi. Ranar kuwa, ruwan na Mai-Albasa ne. Can ta hango shi yana komawa ta gaɓar magudana, fartanyarsa duk ɗanyar laka. Ta ɗaga murya ta kira shi. Bai waiwayo ba, sai ma ya ƙara sauri.