Kunnen Ƙugiya

Likita ne ya jefa ni cikin kamun kifi. A shekarata ta uku a Riyad, ina aiki a sashen ajiye takardu na ofishin jakadancinmu, jinina ya hau, likitan ya ce in nemi abin da zai riƙa raba ni da kujera. Ni kuwa mutumin Gusau ne, ban taɓa kama kifi ba sai a cikin miya. Wani abokin aiki da aka mayar gida ya bar mini sandar fatsarsa, irin mai abin naɗe zare, ya ce akwai ruwa kudu da gari, wajen Ha'ir, inda ruwan da birni ya yi amfani da shi yake gangarawa bayan an tace shi. Sau uku ina zuwa, ban kamo komai ba sai haushi.

A kasuwar Utaiƙa na haɗu da mutumin da ya sa nake wannan rubutu. Dattijo ne ɗan Nijar, siriri, mai tura baro, yana kai wa masu sayayya kwalayen dabino da tumatir bakin mota. Ranar da ya buɗe bayan motata ya ga sandar, sai ya ajiye kwali ya tsaya yana kallonta.

"Alhaji, wagga sanda taka ce? Mi kake kamawa da ita?"

Na ce, "Iska."

Ya yi dariya har da riƙe gwiwa. Ya ce shi ɗan Madarunfa ne, cikin tafki aka haife shi, ubansa masunci, kakansa masunci. Tun daga ranar nake kiransa Sarkin Ruwa, shi kuma bai taɓa kirana da wani abu ba sai Alhaji.

Ban daɗe da saninsa ba ya faɗa mini sirrinsa. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ya kai shi kiwon raƙuma a daji, ya gudu, aka rubuta shi cikin waɗanda suka tsere. Shekara uku iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, a mace. Duk inda ake tambayar takarda ba ya zuwa, ko motar 'yan sanda ya hango sai ya saki baro ya shiga masallaci. Saura shekara ɗaya, in ji shi, ya koma gida da ƙafarsa, ya sa a sassaƙa masa jirgi, ya koma sana'ar su. Yana faɗa yana murza yatsunsa kamar ya riga ya kama igiyar taru.

Ni na ja shi shagon kayan kamun kifi wata Alhamis da yamma. Na gaji da tsire tana a ƙugiya, na kuma ga wasu samarin Larabawa a bakin ruwan suna jefa wani kifin roba da ba ya nutsewa. In suka ɗan fizgi sanda sai ya yi hagu, su sake fizga ya yi dama, yana tafiya a saman ruwa kamar mai maye, har tarwaɗa ta taso daga ƙasa ta kai masa cafka. Na ce ni ma shi nake so, ko me zai faru.

Bango guda ne a shagon cike da su. Hannuna ya tafi kan wani mai koren baya da zanen zinariya, Sarkin Ruwa ya buge hannun.

"Wannan kai anka yi wa shi, ba kifi ba. Kifi daga ƙasa yake kallo, ciki kaɗai yake gani."

Ya riƙa ɗauko su ɗaya-ɗaya yana juya cikinsu sama. Ya ajiye masu sheƙi, ya ce ruwan can ba garau yake ba, farin ciki ko baƙi wuluk su ake gani. Ya kai kowanne kunnensa ya girgiza, don akwai 'yan duwatsun ƙarfe a ciki. Mai ƙara da yawa ya ce korar kifi zai yi, mai ƙara ɗaya, ƙwas, shi ya fi kama da abin da ya faɗo ruwa yana neman ceto. Ya ɗora shi bisa yatsa ya ga nauyin yana wajen wutsiya, ya gyaɗa kai. Mutumin da bai taɓa ganin irin abin nan ba, cikin minti goma ya fi mai shagon saninsa. Wanda ya zaɓa tsawon tafin hannu ne, farin ciki, da ƙugiya biyu a rataye, kowace mai baki uku.

Mai shagon wani Ba'indiye ne mai sanyin murya. Ya ɗauko filaya, ya nuna mana kunnen ƙugiyar, wato ɗan ƙarfen nan da ke kallon baya wanda ke hana ta fita in ta shiga. Cikin guntun Larabcinsa ya ce bari ya matse mana su. Masu kamu a can sakin kifin suke yi, in ji shi, in babu kunne an fi saurin cirewa. Sai ya nuna tafin hannunsa ya ƙara da cewa, "Sadik," wato aboki, "ba kifi kaɗai take kamawa ba."

Sarkin Ruwa ya dube ni. "Alhaji, ƙugiya ba kunne? Ai ta zama allura. Kuma wa ya taɓa kama kifi ya mayar?"

Na goyi bayansa, har da yi wa Ba'indiyen tsiya da Hausa don na san ba ya ji. Ya ce to mu sayi filayar ko don gaba. Na ce dabarar 'yan kasuwa ce. Ya mayar da ita aljihun tebur, amma har muka kai ƙofa idonsa na kan ledar da ke hannuna.

Washegari bayan sallar Juma'a muka tafi. Ruwan kore ne, ga ciyayi dogaye a gefe, ga wani wari da ba ya da ƙarfi amma ba ya barin hanci. Akwai allo da ke hana wanka da sha. Babu iska, babu kowa kusa da mu. Na jefa, na fizga yadda na ga ana yi, abin ya ƙi tafiya, sai jan ciki yake. Sarkin Ruwa ya karɓa. Jifa biyu ya gane kansa, ya ce sirrin a saki zare ne bayan kowace fizga. Kifin roban nan ya kama tafiya, hagu, dama, ƙwas, ƙwas.

La'asar ta yi sanyi sa'ad da ruwan ya fashe. Tarwaɗa ce, ta kai tsawon hannuna. Ya jawo ta bakin gaɓa yana kirari, ya miƙo mini sandar, ya sunkuya ya kama ta a wuya da hannun dama yadda ya saba tun yana yaro. Amma fatsar da ya saba da ita ƙugiya ɗaya gare ta, kuma tana cikin bakin kifi. Wannan akwai ta biyu tana lilo a waje. Tarwaɗar ta yi wata irin fizga, na ji ya ce "Innalillahi" a hankali. Bakin ƙugiya biyu sun nutse a gindin babban yatsansa har kunnen ya ɓace, ga kifin yana ta birgima a ɗaya ƙugiyar, kowace birgima tana ƙara tura ƙarfen.

Ya danne kifin da gwiwa, na yanke zaren, muka raba su da ƙyar. Na ce mu tafi asibiti.

"Asibiti takarda suke tambaya kafin suna."

Ya ciro reza daga aljihu, ya tsaga naman da kansa, ya fizge ƙarfen. Na juya baya, don ni ko yankan kaza ba na iya kallo. Da na waiwayo sai na tarar ya tsoma hannun cikin koren ruwan nan yana wankewa, yana shafa yauƙin tarwaɗar a kan ciwon. Ya ce haka ubansa yake yi, ruwan da ya cije ka shi ke ba ka magani. Akwai katan ɗin ruwan sha a motata, taku ashirin daga inda muke. Na tuna da shi, na kuma tuna da allon, amma na yi shiru, don ina ganin wane ni da zan koya wa ɗan masunta wanke ciwo.

A unguwar Manfuha yake zaune, su bakwai a ɗaki biyu, saman wani shagon gyaran taya. Ran Asabar na kai masa maganin ciwon jiki da bandeji. Hannun ya ɗan tasa, yana ta ba'a, ya ce sun cinye tarwaɗar da yaji. Ran Lahadi ya kasa tura baro. Yatsan ya yi suntum, fatar tana ƙyalli, ɗakin kuma ya fara wani wari da na gane, don na shaƙe shi a bakin ruwa. Na ce yau kam sai asibiti. Ya kama rigata da hannun hagu.

"Alhaji, amana na ba ka. 'Ya'yana huɗu, duk mata. In anka kama ni yanzu, da mi zan koma? Ka rantse ba ka kai ni."

Ban rantse ba, amma na zauna, kuma zaman nan daidai yake da rantsuwa. Na sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta wajen wani mai kantin magani da na sani, na ce ɗan'uwana ne ya ji ciwo. Wani ɗan ɗakinsu ya kawo lalle da tafarnuwa aka ɗaura. Kowa yana ta cewa da sauƙi, kowa kuma yana kauce wa idon ɗan'uwansa.

Ran Litinin na ga jan layi ya taso daga wuyan hannu ya nufi gwiwar hannu. Na sa biro na yi alama a inda ya tsaya, na ce wa kaina in ya wuce nan gobe, ba zan saurari kowa ba. Ran Talata ya wuce da faɗin yatsu uku. Wallahi sai na sake yin wata alamar. Wannan ita ce aika-aikar da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina. Ni mai ilimi, mai katin ofis a wuya, na tsaya ina zane a jikin mutum kamar tela. Tsoro nake ji, ba na shi kaɗai ba. Ina tsoron a tambaye ni yadda ma'aikacin gwamnati ya san mai gudun kafil ya yi shiru.

Ran Laraba da hantsi ɗan ɗakin nasu ya kira ni a ofis, ya ce Sarkin Ruwa yana magana da ubansa da ya rasu. Na tarar da shi jiki kamar garwashi, babban yatsan da manunin sun yi baƙi. Bai san wanda ya ɗauke shi ba. Mu uku muka sauko da shi, sauran biyun suka tsaya a bakin titi, don su ma takardunsu ba su cika ba. Ni kaɗai na kai shi asibiti.

Ba su tsaya tambayar takarda ba sai da suka shiga da shi. Likitan da ya fito bayan awa huɗu ya ce sun ceci hannun, amma yatsu biyun sun tafi. Ya tambaye ni yaushe abin ya faru, na ce Juma'a. Ya ƙirga kwanakin da idonsa a kan fuskata, ya ce da a ranar aka zo, wanki da allura sun isa. Na ji haushinsa ƙwarai, irin haushin da ake ji wa mai gaskiya.

Maganar takarda ta biyo baya, kamar yadda ya faɗa tun farko. Aka ce da zarar ya warke za a wuce da shi inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ba tsuntsu ba tarko ke nan. Ni kuwa babu wanda ya tambaye ni komai, abin da na yi ta tsoro bai ko leƙo ba.

Kwana biyu ina zagaya asibitin ban shiga ba. A na uku na sayi jallabiya biyu da takalmi na shiga, na shirya wa zagi, har na tsara abin da zan ce in ya kira ni maci amana. Na same shi zaune a bakin gado, ya rame, hannun a naɗe bisa cinyarsa. Ya amsa sallamata, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ya yi godiyar kaya. Sannan ya ɗaga hannun ya juya shi yana dubawa, ya matso kusa don kada na gadon gefe ya ji.

"Alhaji, kai ka yi boko, ka san duniya. Taru dai ba ya jawuwa haka, ƙulli ma ba ya ƙulluwa. Can gida, wane aiki mutum ke yi da yatsu uku?"

Ba gatse yake yi ba. Tambaya ce tsakani da Allah, ya zuba mini ido yana jiran amsa. Na buɗe baki na ce Allah ba ya hana bawansa abinci. Ya ce haka ne, ya ci gaba da kallona, yana jiran sauran.