Zomon Da Ya Ƙi Fita

A yi shiru, a kashe rediyo, masu tatsa su ɗaga kai daga gindin saniya! Ga Barsulai na Kapchemor, ƙafa mai cin tudu, ƙirji kamar zugazugin maƙera, mutumin da ya zaga ƙasashen Turawa da gajeren wando ya dawo bai iya gaisuwarsu ko ɗaya ba. Babban tsere guda ya taɓa ci a rayuwarsa, kuma shi ne har yau garinmu bai yafe masa ba.

Ni Kipsoi ɗan acaɓa, da labarin nan na tashi, kuma tun ina yaro nake jin akwai inda bai haɗu ba.

Barsulai ya fara kamar kowa, gudun daji na makaranta, ba takalmi, a cikin taɓo da kashin shanu. Sojoji da 'yan sanda suka zo zaɓen yara masu ƙafa don ƙungiyoyinsu na gudu, suka tsallake shi, wai gudunsa ba shi da ƙarshe mai zafi. Wani Bature mai kai 'yan gudu waje ya tsince shi a birnin Eldoret. Duk sanyi sai a kwashe shi a kai shi ƙauyukan Turawa, ya yi ta faɗi-tashi a cikin laka da ƙanƙara, ya zo na uku, ya zo na biyar. Ya taɓa cin kyautar cuku mai girman tayar babur. Ya taɓa cin kyautar injin wanki, aka sha wahala aka kawo shi har gida, inda ba wuta, uwarsa ta riƙa zuba masara a ciki saboda ɓera.

Da shekaru suka ɗan ja ya koma gudun titi, a nan aka gano amfaninsa. Mutumin nan in ya ɗauki gudu ba ya ƙarawa ba ya ragewa, ko ana ruwa ko ana iska. Sai aka mai da shi zomo, wato wanda ake ɗauka ya ja manya a gaba, ya tare musu iska, in an kusa ƙarshe ya koma gefen titi ya bar su su raba abinsu. Ya daɗe yana wannan aiki. Hotonsa ya fito a jaridu ba iyaka, kullum a gaba, amma sunan da ke ƙasan hoton na wani ne.

Wanin da ya fi ja shi ne Chemjor, tauraron garinmu a lokacin. Su biyu bakule ne, rana ɗaya aka yi musu kaciya, bukka ɗaya suka yi jinya a daji. A nan wurinmu kana iya cin amanar ƙanenka a sasanta, ban da bakule.

To, sai aka je wani gudun fanfalaki a Sifaniya. Aka kai inda zomo ke fita, Barsulai bai fita ba. Ya miƙe abinsa har ya tsinke zaren ƙarshe da ƙirjinsa, Chemjor kuwa a motar kwashe gajiyayyu ya iso. Da suka dawo Chemjor ya ce da gangan aka yi masa: zomo ya ƙara wuta tun tsakiyar hanya don ya karya shi, har jijiyar ƙafarsa ta tsinke. Barsulai bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ranar da ya sauka a tasha babu wanda ya tare shi da gorar mursik, kindirmon nan namu mai gawayi da ake ɗura wa duk wanda ya ciyo tsere. Ya ɗauki jakarsa ya tafi gida a ƙafa. Daga nan babu babban ɗan gudun da ya sake yarda ya bi bayansa, sai ya koma noman masara da shanu. Chemjor ma bai sake gudu ba, har yau yana ɗingishi. In sun haɗu a hanya kowa sai ya sami abin kallo a sama.

Bana malamin da ke horar da yaran makarantarmu ya koma garin Iten, hedimasta ya ce iyaye su zaɓi wani. Barsulai, wanda bai taɓa roƙon kowa gishiri ba, ya sa kwat ya je da kansa ya ce yana so. Ashe kullum da safe da muke ganinsa tsaye a bakin shinge yana kallon yaran suna wucewa, ba shanunsa yake ƙirgawa ba.

Tashar acaɓa ta ɗauki zafi.

“A ba shi yara? Ya ja su har bakin rami ya wuce abinsa?”

“Kai dai ɗanka ko kaza ba ya kamawa, me za a ci amanarsa a kai?”

“Ubanka ne ba ya kama kaza. Ni dai na faɗa, in Chemjor ya ce a'a, a'a ne.”

Gaskiyarsa kuwa, kowa bakin Chemjor yake jira.

Ana cikin haka matar Barsulai ta kira ni in kai mata buhun taki. Na shiga da shi har ɗakin ajiya, ina sauke shi na ɗaga kai, sai ga gora rataye a jikin ginshiƙi. Tsohuwa ce, ta yi baƙi don shafa, maɗaurinta na fata da kuɗin wuri jere biyu da jan dutsen ado a tsakiya. Duk Kapchemor gida ɗaya ke yin wannan ɗauri, gidan su Chemjor.

“Mama, gorar nan kyakkyawa ce. A ina kuka saya?”

“Taki na ce ka kawo ko ido?”

Na fita, amma zuciyata ta ƙi fita. Na wuce wurin kakata Tabarno, wadda ita ke gyara wa rabin mutanen garin gorar mursik da gawayi tun kafin a haifi uwata. Na kai mata sukari, na zauna ina yabon shayinta har ta gaji.

“Faɗi abin da ya kawo ka, ɗan banza. Sukarin nan ba na Allah ba ne.”

“Kaka, shekarar da Barsulai ya dawo, wa ya ba shi mursik?”

“Ba kowa. Duk gari ya sani.”

“A tasha ba kowa. A gida fa?”

Ta juya shayinta da cokali. Sannan ta ce uwar Chemjor ta taɓa kawo mata gora a satin da ya dawo, ta ce a gyara ta da kyau ta baƙo ce. Ita dai ba ta tambayi baƙon ba.

“Ƙafar Chemjor fa, a can ta lalace?”

“Ni na je can? Abin da na sani, kafin su tafi ya zo nan na gasa masa ita da ganye. Ya hau tudun nan yana cije baki.” Ta nuna ni da cokalin. “In na ji maganar nan a tasha, sai na fasa maka kai.”

Na hau babur ina haɗa zance. Mutum ya ɓoye ciwo don kada Bature ya cire sunansa daga tafiya. A tsakiyar hanya ƙafa ta ƙi. Wa zai ɗauki laifi? In an ce ya tafi da ciwo, ya zama maƙaryaci a idon masu shirya tsere da na gari. In an ce zomo ne ya karya shi, ya zama abin tausayi. To amma wa ya kawo shawarar a ɗora wa zomo laifin? Ko dai Barsulai ya san da ciwon ne tun a gida, ya ga dama ta samu, gorar kuma ta toshiyar baki ce? Duk inda na juya zancen sai in ga ɗayansu yana yi mini murmushin da ban yarda da shi ba.

Ranar Lahadi bayan coci aka taru a filin makaranta. Barsulai na zaune can gefe da kwat ɗinsa, ya ɗora hula a gwiwa. Hedimasta ya yi ta zuba, iyaye suka yi ta gunaguni, wata mata ta ce ita ɗanta ɗaya ne, ba za ta ba mutumin da bai san bakule ba. Aka juya ga Chemjor. Ya gyara sanda zai tashi, na ga bakin nan ya ɗauko a'a, sai na ji muryata ta riga shi.

“Baba Chemjor, kafin ka yi magana. Gorar gidanku me take yi a ɗakin Baba Barsulai?”

Kakata ta dube ni daga cikin mata, na ji kaina ya fara ciwo tun kafin a fasa shi. Barsulai bai ko motsa ba. Chemjor ya ƙare mini kallo daga takalmi har gashi.

“Ɗan wa ne wannan?”

“Jikan Tabarno ne,” in ji wani.

“Ai na ga alama.” Ya dogara sandarsa. “Gorar uwata ce. Aro ya yi bai mayar ba. Kun ga halin nasa ke nan.”

Matasa suka fashe da dariya. Tsofaffi ba su yi ba, domin sun san ba a aron irin wannan gora, kuma ba a kai ta gidan da ake gaba da shi. Na ga suna duban juna ta wutsiyar ido.

“Ban yafe masa ba,” in ji Chemjor, yana kallon bishiya. “Ba kuma zan gaishe shi ba. Amma duk wanda ya bi bayan mutumin nan ya san ba ya barin na baya sai in na bayan ne ya ce masa tafi. Ku ba shi yaran.”

Ya zauna. Hannuwa suka fara tashi, na tsofaffi tukuna, sannan sauran, wasu rabi-rabi kamar masu susar kunne. Hedimasta ya ce an gama.

Washegari da hantsi na same shi a filin, yana kafa turaku yana jan igiya, yana fitar wa yara hanyar gudun daji ta cikin kwari. Na jingine babur na tsaya a gabansa.

“Baba, na gano komai. Shi ya ce ka tafi. Ka ɗauki zagin gari shekara da shekaru don ka rufa wa bakule asiri. Ko dai kun raba kuɗin ne a jirgi? A'a, bar shi a na farkon, ya fi daɗin faɗa. Wallahi kai gwarzo ne. Ni na wanke ka jiya a gaban jama'a, kuma sai na sa an buga wannan a rediyo, a san irin mazan da Kapchemor ta haifa!”

Ya buga turke, ya gwada shi da hannu, ya dubi ƙasa.

“Ɗaga ƙafarka,” ya ce. “Ka taka mini igiya.”