Yashin Kyauta Daga Kurfi

Matso kusa ka ji, maganar nan ba ta son ɗaga murya.

Gidanmu a Dutsin-Ma katanga ɗaya ce tsakaninsa da filin sukuwa. Maigidana ke gyaran filin: ya tsince duwatsu, ya cike ramun gafiya, ya bi da sanda yana caccakar ƙasa ko gara ta ci ta ƙasa. Ni ban cika fita ba, amma ina tsakar gida na san sautin kofato a kowace kusurwa.

Wata shekara ƙanena zai hau dokin unguwarmu. Ana cikin shiri sai wani Alhaji daga Kurfi, wanda dokinsa zai kara da namu, ya aiko da tifar yashi, wai a zuba a kwanar filin, inda dawaki ke juyawa, kyauta. Yaransa ne ma suka baza. Hankalina bai kwanta ba. Mutumin da bai taɓa aiko mana ko goro ba?

Washegari ana gwaji ina tankaɗe, sai na ji kwanar ta canza murya. Ta ciki kofato na nutsewa luf, ta waje kuwa ƙas-ƙas, har da ɗan kartar santsi.

Na ce wa maigida, “Malam, yashin nan ba daidai aka zuba ba.”

Ya yi dariya. “Ke da kunnen nan naki, ko tururuwa ta yi tari sai kin ji.”

“To, ƙanena ne a kan dokin, ba ƙanenka ba.”

Na hana shi sakat har ya ɗauki fartanya ya fita. Ya dawo ba dariya. Ta ciki yashi ya kai wuyan hannu, ta waje an yayyafa ne kawai bisa marmara, ya rufe ta. Dokin Kurfi a rafin yashi ake horar da shi, ciki zai bi abinsa. Namu kuwa ya tsani yashi, waje zai fanɗare, daidai kan marmarar.

Maigida ya tara mutane, suka kwashe, suka fasa marmarar, suka baje, suka jiƙa, suka daɓe. Da Alhajin ya ji sai ya ce, “Aikin yara ne, Malam, Allah ya tsare.”

Ranar sukuwa ƙanena ya zo na uku, ya sauko da ƙafafunsa, ya cinye mani tuwo. Dokin Kurfi bai zo ba, wai ciwon ciki.

To kai da ka ji, ciwon ciki ne?