Kuɗin Masara Ta Waya

Rumfar hatsin da muke da ita a Tudun Wada ta Baba ce, ni kuwa ƙafarsa ne. Shi yana zaune kan buzu yana ciniki, ni nake hawa babur in shiga Yako da Ɗansoshiya har ƙasar Doguwa ina sayo masara da dawa. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ke nan, ina da aure da 'ya ɗaya. Da yake ni ne ɗan fari, Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" kawai yake cewa, in amsa.

Babbar mai sayenmu wata Hajiya ce Bayarabiya daga Ibadan. Duk bayan kaka takan biyo babbar mota da kanta, ta zauna a bencinmu, ta sha furar Fulani, su yi ta ja-in-ja da Baba kan farashi har maƙwabta su taru kallo, daga baya su ƙare da dariya.

A shekarar da nake ba da labari, mota ta zo babu ita. Direban ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce Hajiya cikinta ya tsufa, likita ya hana ta doguwar tafiya.

"Ta ce a loda mata kamar kullum, Baba. Kuɗin kuwa ta riga ta turo ta waya, daga bankinta zuwa naku na Kano."

Baba ya juyo ya dube ni. Ni ne na buɗe asusun nan bara yana ta mita, kuma ni na ba Hajiya lambar da ta tambaya.

"Kai, wace wayar?"

Na yi iya bayanina, amma gaskiya ni ma jin sa nake a bakin mutane. Ya saurara yana shafa gemu.

"Hajiya na san ta, na yarda da ita," in ji shi. "Wayar ce ban sani ba."

Ya sa aka loda masarar tsaf, aka ɗaure tamfol, aka kai wa direba tuwo daga gida. Amma ya ce mota ba za ta motsa ba sai mun dawo daga birni. Na ɗauka ni kaɗai zai aika. Da safe sai ga shi cikin babbar rigarsa ta Juma'a, har da turare.

A bas ya samu wurin taga. Da muka wuce Kwanar Dangora muka shiga ƙasar Bebeji, sai na ga ya ƙura wa wayoyin bakin titi ido. Tsuntsaye sun yi layi a kai.

"Kai, ta nan kuɗin ya bi?"

Wani dattijo da ke bayanmu ya tambayi abin da ake nema, Baba ya ba shi labari. Kafin mu kai Kura duk motar ta ɗauka. Wata mata ta ce Allah ya sa tsuntsayen ba su tsattsage rabi ba. Kwandasta ya ce in haka ne shi ma daga yau ta waya za a riƙa biyansa. Baba ya fi kowa dariya, amma na lura carbinsa bai huta ba.

A banki muka samu wata budurwa a gaban kwamfuta. Baba ya gaishe ta har da tambayar mutanen gida. Na miƙa lambar asusu, ta danna, ta ɗago kai.

"Ya shigo, Baba, tun jiya."

"Ina yake?"

Ta juyo masa da fuskar na'urar. Ya sunkuya ya duba, ya girgiza kai.

"'Yata, wannan ai rubutu ne. Ni kuɗi na zo gani."

Kunya ta kama ni, amma ita ko a jikinta. Ta ba ni takardar cirar kuɗi na cike, ta shiga ciki, bayan ɗan lokaci aka jibge ɗaurin kuɗin a gaban Baba. Ya ɗora tafin hannu a kai, ya yi hamdala.

"To wannan shi ne ya taso daga Ibadan?"

"A'a, Baba, wannan namu ne na nan. Magana ce kawai ta zo daga can cewa a ba ku."

Ya sake duban ɗaurin. Can sai fuskarsa ta washe.

"Ashe abin namu ne! Haka nake aika wa abokina na Saminaka ya ba mutum buhu, mu daidaita daga baya. Ku dai kun sa masa lantarki."

Ya ware abin da za mu sallami manoma da shi, ya tura mata sauran.

"A mayar, na gani."

Har mai gadin ƙofa sai da ya dara. Yarinyar ta sake ba ni wata takardar, ta ajiya, tana share hawayen dariya da bakin mayafi.

A hanyar dawowa Baba ya saya mana tsire da burodi, abin da ba ya yi. Muna sauka ya ɗaga wa direban Hajiya hannu tun daga nesa, alamar ya tafi. Kafin la'asar mota ta kama hanyar kudu.

Washegari rumfarmu ta cika, ba da masu saye ba, da masu tambaya. Baba ya harɗe kan buzu yana koyar da su kamar shi ya ƙirƙiro abin. Mai shinkafar da ke jikinmu ya ce shi fa sai ya ji ɗumin kuɗi a aljihu. Baba ya ce masa, "Ka je ka taɓa, ai ba sa hanawa." Kafin damina, shi ma na raka shi ya buɗe nasa asusun. Ni kuwa abin da ya fi faranta mini rai shi ne na daina kwana da fargabar baƙon da ya ɗauko dukiya ya ratso daji saboda mu.

Da motar Hajiya ta sake dawowa bayan 'yan makonni, direban ya sauko yana washe baki. Hajiya ta sauka lafiya, tagwaye, duk mata. Baba ya yi ta sa albarka, sannan ya kira ni.

"Kai, abin nan yana komawa baya? Ina so a tura mata barka."

Na ce yana komawa. Da labari ya isa gida, Inna ta ce mu tura namu ta duk inda muka ga dama, ita nata sai mota. Ta haɗa gero da kanwa na kunun mai jego, da yaji, da kwalbar man shanu da ta sa wata Bafulatana ta kawo mata. Direba ya ce a ɗora a baya kan buhuna. Ta ce sam, rana za ta narkar da man. A gaban mota kayan suka tafi, kusa da ƙafarsa.